Tubalin da Ya Kai Ni Gida

Sun fara zuba yashi a filin nan na bayan kamfanin robobi a Sharada. Tifa uku na ƙirga da idona ranar Laraba, washegari kuma sai ga bulo an jibge, wai sito za a gina. Filin dai ba wani na a zo a gani ba ne. Ɗan sarari ne da ya rage tsakanin katangun kamfani biyu, gefe guda kwata mai ɗauke da ruwan rini, gefe guda tsofaffin tayoyin tirela. Amma tun ina aikin gadi nake ganin ma'aikata suna fitowa daga aikin safe, su tuɓe rigunan aiki, su kafa duwatsu biyu nan biyu can, su yi ta gudu har a kira magariba. Yanzu da ƙarfi ya ƙare na ajiye aiki, nan ne wurin zamana da la'asar, a bencin mai shayi, ina kallonsu ina kushe su a raina, don in faɗi gaskiya ƙwallon yaran yanzu surutu ya fi yawa a cikinta.

Ranar da aka sauke bulon suka ce sai sun yi wasan bankwana. Ina zaune, shayina a gefe, sai wani ya ɗaga ƙwallo ta yo kaina gadan-gadan. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi shawara da kaina ba. Kafin mai shayi ya gama salati ƙwallo tana ƙirjina, hannuwana biyu sun rufe ta, ko shayin bai zube ba. Fili ya ɗauki ihu. Wani saurayi ɗan Filato da ke aiki a wajen injin narka roba ya rugo yana haki yana dariya.

"Baba! Ashe ku tsohon gola ne? Wace ƙungiya kuka yi wa wasa?"

"Ba ƙungiya," na ce.

"To kun taɓa cin kofi?"

Na jefa masa ƙwallon na ce ya je ana jiransa. Ba rowar amsa na yi masa ba. Amsar ce doguwa, shi kuma jininsa yana tafasa, ba zai tsaya ba. Amma tun daga ranar tambayar take yi mini yawo a ka.

Ni ɗan magini ne. A ƙauyenmu, can gabas da Kano, in ka ga soro mai kyau ko katangar da ta sha damina goma ba ta tsage ba, to hannun Baba ne. Ginin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da lebura zai ɗora bulo a ka ya hau tsani. Tubali ake yi na ƙasa, a kwaɓa ta da ƙafa, a mulmula shi kamar ƙaton ƙwai mai ɗan tsini a sama, a shanya ya bushe. Magini yana zaune bisa katanga ya raba ƙafa, lebura yana ƙasa yana jefo masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cafewa yana dasawa a kan kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Cafe, ajiye, cafe, ajiye, tun hantsi har rana ta karya. Daga nesa kana jin tim, tim, da waƙar masu kwaɓa, ka san wani zai yi ɗaki. Ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya ɗora ni a katanga, kuma tubalin farko da aka jefo mini a leɓe ya sauka. Baba bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi, "Kai da tubali ba dambe kuke ba. Baƙo ne ya zo maka, tarye shi, ka jawo shi jikinka." Da ya ga ina bin hannun lebura da ido, sai ya ƙwanƙwashe ni a ka. "Kada ka kalli hannun mai jifa, hannu maƙaryaci ne. Kalli ƙugunsa. Inda ƙugu ya dosa, nan kaya za su sauka." Shekara bakwai na yi a kan katanga, har ta kai ina cafe tubali ina hira da na kusa da ni.

Baba ya rasu ina saurayi. Aiki ya yi ƙasa, don ba mai ba yaro ginin soronsa, sai ga yaƙi ya ɓarke ana ɗibar soja. Ba zan yi ƙarya in ce kishin ƙasa ne ya kai ni ba. Abokaina ne suka tafi, na ga kaki ya yi musu kyau, na bi su. Ranar da zan tafi na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ina sallama. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mace ce ta da, mai alkunya. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. "Wannan" take ce mini, in ta ji daɗina ta ce "yaron nan". In za ta ba ni tuwo sai ta ce wa ƙanwata, "Miƙa wa wannan." Yaran yanzu da uwa ke kiran ɗan fari da sunansa har da ƙari, ta rungume shi a tasha kowa yana kallo, ba za su gane ba, sai su ɗauka ƙi ne. Wallahi ba ƙi ba ne. Ranar nan ma ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce wa Gwaggo, ƙanwar Baba, "Ku ce masa Allah ya tsare." Sai da na isa tasha na buɗe jakata na tarar da ƙullin dakuwa mai yawa, irin wadda ta san ina so, mai yaji-yaji.

Bayan horo aka kai mu kudu, ƙasar da ruwan sama ba ya gajiya. Abin da na gani a daji ba shi zan faɗa ba. Wanda ya gani ba ya son faɗa, wanda bai gani ba shi ne mai yawan labari. Bayan wasu watanni aka janye mu baya don mu huta a wani sansani, wanda a da makaranta ce, yaƙi ya kori 'yan makarantar. Har lissafin da malami ya rubuta da alli yana nan a jikin allo, ba wanda ya yi ƙarfin halin gogewa. Mutane suna ɗauka yaƙi harbi ne dare da rana. Mafi yawansa jira ne. Bigila ta tashe ka, ka yi fareti, ka goge bindigar da ka goge jiya, ka wanke kakin da ba zai bushe ba, ka tuƙa garin rogo ka haɗiya kana tuna tuwon dawa, ruwa yana ta dukan kwanon rufi, kwaɗi suna ta kuka. Zaman nan yana cin mutum. Na ga ƙarti biyu da suka ceci juna a daji sun kusa kashe juna a kan guntun sigari.

A ɗakin ajiyar makarantar aka tsinci ƙwallon. A lokacin tamaula muke ce mata. Fatar ta yage, robar ciki ta huje. Akwai wani baduku a cikinmu, shi ya yanko fatar tsohon takalmin soja ya ɗinke yagar da basilla, direbobi suka yi wa robar faci suka hura ta da famfon taya. Da aka gama ba ta fito zagaye sosai ba, gefen da aka yi wa ƙari ya ɗan yi tsini, in ta daki ƙasa sai Allah ya san inda za ta nufa. Amma daga ranar da ta fara birgima a filin makarantar faɗa ya ragu a sansanin. Duk Lahadi da la'asar sai an kara, direbobi da kanikawa gefe guda, mu 'yan bindiga gefe guda. Su yawancinsu 'yan birni ne da suka yi wasan tun a makaranta. Mu kuwa ƙauyawa ne, langa muka sani da kokawa da dambe. Duk mako sai sun lallasa mu, su bi mu da waƙa har ɗakin kwana. Ni ko kusa da ita ban taɓa zuwa ba. Ina ganin abin a matsayin rashin aikin yi, ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo mini daga Kawu, da ajami, ta sha hannu ta sha ruwa. Gaisuwa ta cinye rabin takardar, sai labarin gero, sai labarin wanda ya yi aure. Can ƙasa ya rubuta cewa Inna ba ta da lafiya tun farkon damina, ba ta cin abinci. Sannan ya ce, "Kwana uku ke nan tana kiran sunanka da bakinta, kowa yana ji." Na zauna a ƙasa. Da cewa ya yi tana kuka, ko tana suma, da na ce da sauran dama. Amma Inna ta kama sunana? Sai dai in ta ga abin da ya fi kunya girma.

Na je wajen Samanja na ƙame na nemi fas, wato takardar izinin zuwa gida. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kurtu, watanka nawa a nan? Akwai waɗanda suka shekara biyu ba su ga gida ba. Kowa yana da uwa. Ɓace mini."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi zafi. Na yini ina tunanin gudu, alhali na san abin da ake yi wa sojan da ya gudu a lokacin yaƙi, na kuma san ko hanyar ban sani ba.

Kofur ɗinmu wani dogon mutum ne ɗan Filato, Kirista, kowa Dogo yake ce masa, shi ne kuma kyaftin ɗin 'yan wasanmu. Shi ya tarar da ni a bayan kicin, abincina a gaba ƙuda yana bi. Na karanta masa wasiƙar. Ya ɗaga kafaɗa.

"To mene ne, Magini? Uwa ta kira sunan ɗanta, shi ne abin kuka?"

Na yi masa bayani. Ya girgiza kai ya ce, "Kai, Hausawa!" Ya tashi ya tafi. Da yamma sai ga shi ya tara 'yan wasanmu a ƙarƙashin mangwaro, ya aika a kira ni. Ashe Manjo, babban hafsan sansanin, wanda yake son tamaula kamar ransa, ya yi alkawarin cewa wasan Lahadi mai zuwa na fas ne. Ɓangaren da ya yi nasara zai samu fas guda na mako biyu, su ba wanda suka ga dama a cikin waɗanda suka buga. In kuwa aka yi kunnen doki, ba kowa. Dogo ya ce, "In mun ci, fas na Magini ne." Kowa a wurin yana da wanda yake son gani, shi kansa Dogo an haifa masa ɗiya bai taɓa ganinta ba. Baduku ne ya fara magana, ya ce ya yarda. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, wasu da ƙyar. Sai wani ya ce ai Magini ba ya wasa, kuma Manjo ya ce sai wanda ya buga.

Dogo ya juyo. "Me ka iya?"

"Ba komai, Kofur. Gini kawai."

Haushi ya kama shi, ya wurgo mini ƙwallon da ke hannunsa da ƙarfi, a fuska. Na cafe. Ya karɓa ya ja baya ya sake wurgowa ta gefe. Na cafe. Ya ajiye ta a ƙasa ya doka da takalmin soja. Na cafe, na jawo ta jikina.

"A ina ka koyi wannan?"

"A kan katanga."

Golanmu dama zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku suka yi suna horar da ni: tsaya tsakanin gora biyun nan da aka kafa a matsayin gida, duk abin da ya zo ka kama. Sai dai duk lokacin da na kama, Dogo yakan zo da gudu ya karɓe daga hannuna don a sake bugowa. Saboda haka ba wanda ya tuna ya gaya mini abin da ake yi da ƙwallo bayan an kama ta.

Ranar Lahadi duk sansanin ya fito, har masu dafa abinci da marasa lafiyar da ke iya dogara sanda. Aka kawo wa Manjo kujera da laima. Samanja ne alƙalin wasa, usur a baki. Direbobi suna da wani bakanike gajere kakkaura da ake kira Igwa, saboda bugunsa. An ce ya taɓa ɓalle ƙofar kicin da ƙwallo. Ina tsaye tsakanin gorar nan ban san kan wasan ba, amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ba a daɗe da farawa ba Igwa ya samu sarari ya saki wata irin ƙwallo mai kuka. Na tarye ta, ta zauna a ƙirjina lafiya lau. 'Yan bindiga suka ɓarke da ihu. Ni kuwa, sabo turken wawa, sai na sunkuya na dasa ta a ƙasa kusa da ƙafata, tsaf, tsinin yana sama, na miƙe na buɗe hannu ina jiran ta gaba. Wani direba da ke kusa ya dube ni, ya dubi ƙwallon, kamar bai yarda da idonsa ba, ya sa ɗan yatsan ƙafa ya tura ta ciki.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar nan ba. Mutane suna faɗuwa ƙasa. Manjo ya cire hularsa yana share hawaye. Direbobi suka ɗauki waƙa nan take, "Magini ya dasa tubali! Magini ya dasa tubali!" Dogo ya taho, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya kama ni ta kwala.

"Magini! In ka kama, naka ne! Jefa wa namu, ko ka riƙe, amma kada ka ajiye! Ko Manjo ne ya ce ka ajiye, kada ka ajiye! Ka ji?"

"Na ji, Kofur."

Kunya ba ta dame ni ba kamar abin da ke cikin raina. Gani nake da hannuna na rufe ƙofar ɗakin Inna. Har aka tafi hutun rabin lokaci suna da ɗaya muna nema, ban iya kallon idon kowa ba.

Ana dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Manjo ya ce a ci gaba. Filin nan jar ƙasa ce, nan da nan ta zama kwaɓi, kuma a nan ne Allah ya juya lamarin. Duk gwanintar 'yan birni, 'yar yanka da 'yar miƙa, ta tashi a banza, sai zamewa suke suna faɗuwa. Mu kuwa da muka tashi muna noman fadama muna langa da ƙafa ɗaya, taɓo gidanmu ne. Ƙwallon ta sha ruwa ta yi nauyi, laka ta lulluɓe ta. Golan direbobi akawu ne mai laushin hannu, da Dogo ya doko masa ita sai ta sulluɓe tsakanin tafukansa ta wuce. Ɗaya da ɗaya. Ba a jima ba aka yi cincirindo a bakin gidansu, ba mai ganin ƙwallon, sai ga baduku ya tura ta ciki da gwiwa, shi da ita da wani direba gaba ɗaya. Biyu da ɗaya. Ni kuma a nawa gefen, abin da ke zuwa mini ya daina zama tamaula. Nauyinta, ɗan tsininta, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikinta, duk na san su tun ina yaro. Suka yi ta jefowa ina cafewa, ban san adadi ba, kuma duk wadda na kama sai na ji muryar Dogo daga tsakiyar fili, "Kada ka ajiye!"

Saura ƙiris a tashi, Igwa ya kutso ya wuce mutum biyu. Wani namu, ɗan kokawa ne a garinsu, da ya ga ba dama sai ya kama shi ta ƙugu ya ɗaga ya nana da ƙasa, kayarwa mai kyau wadda da a dandali ne da an yi masa guɗa. Samanja ya busa usur ya nuna tabo. Fenariti. Shi ne abin da 'yan rediyo yanzu suke ce wa bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma duk wanda ya raɗa wannan suna ya san abin da yake faɗa. Kowa ya ja baya. Ruwa ya tsagaita. In ta shiga kunnen doki ne, fas ya tafi.

Igwa ya ajiye ƙwallon ya goge laka daga fuskarsa. Ya kalli hagu ɗina, ya sake kallo, har da ɗan nuni da haɓa, don in gani. Na bar idonsa na bar ƙafarsa, na zuba wa ƙugunsa ido. Ya taho da gudu, kafaɗa tana cewa hagu, ido yana cewa hagu, amma a taku na ƙarshe ƙugun ya buɗe ya dosa dama. Na tafi dama tun kafin ya taɓa ta. Ta zo da nauyin da ban taɓa karɓa ba a kan kowace katanga. Na ji ƙaramin yatsana na dama ya ce ƙas, amma ban yi dambe da ita ba, na tarye ta na jawo ta jikina, muka faɗa cikin taɓo tare. Na dunƙule a kanta. Sama da mutum ɗari suna ihu da murya ɗaya, har da masu dafa abinci, "Kada ka ajiye! Kada ka ajiye!" Ina nan kwance na ji usur ɗin tashi.

Suka ɗaga ni sama, ni da ƙwallon da lakar, suka zaga fili da ni suna waƙar da direbobi suka ƙirƙira, amma yanzu ta zama tamu. Suka sauke ni a gaban Manjo. Na ƙame da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da ita. Manjo ya miƙo hannu.

"Kurtu, wasa ya ƙare. Ajiye ƙwallon."

"Sa, Kofur ya ce ko ku ne kuka ce in ajiye, kada in ajiye."

Ya yi dariya har da tari. A kan gwiwarsa ya sa wa fas ɗin hannu. Washegari da sassafe, da zan hau motar da za ta kai ni tashar jirgin ƙasa, sai ga Igwa ya zo fuska a murtuke, ya cusa mini gwangwanin madara biyu da ƙullin sukari a jaka. "Ka kai wa Mama," ya ce, ya juya bai jira godiya ba.

Kwana huɗu na yi a hanya, mota, jirgi, mota, sannan ƙafa. Yatsan ya kumbura ya yi kamar rogo, ban ko kula ba. Tun daga bakin gari nake leƙen ƙofar gidanmu, ko zan ga tabarmi a shimfiɗe da maza zazzaune. Ba kowa, sai akuya tana cin ƙaiƙayi. Na yi sallama, Gwaggo ta fito ta saki salati, ta ja ni har cikin ɗaki. Inna tana kwance a kan tabarma, ta rame har na kusa rashin gane ta. Na durƙusa. Ta buɗe ido ta dube ni, ido cikin ido, ta daɗe tana kallo, tun daga hula har takalmi. Wannan ne kallo na farko da na sani ta yi mini a duniya. Sannan a hankali ta jawo mayafinta ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

"Wa ya ce wa wannan ya baro aikinsa?" ta ce wa Gwaggo. "Ku ba shi ruwa mana."

Gwaggo ta fashe da kuka tana dariya. "Alhamdulillahi! Kunya ta dawo, lafiya ta dawo!"

Ranar nan ta sha kunu da madarar Igwa, rabin kofi, washegari ta shanye cikakke. A kwana na uku ta zauna da kanta. Ta hango yatsana a naɗe da tsumma, ta ce wa Gwaggo, "Tambaye shi, harsashi ne?" Na ce a'a, tamaula ce. Ta ce, "Ku ji mini! Muna nan muna ta addu'a, ashe shi yana can yana wasa." Sai na kwashe labarin duka na faɗa wa Gwaggo, da ƙarfi yadda na bango zai ji, da dasa tubalin, da ƙugun Igwa. Da na zo wajen dasawar na ga mayafin yana girgiza, dariya take. Da na gama ta ce, "Allah ya ji ƙan mai ginin nan. Yana kabari yana aiki."

Na koma na ƙarasa yaƙina. Da aka sallame mu na zo Kano, a zamanin da in jiniyar tashi ta kaɗa a Bompai kekuna suke cika titi har ba wurin taka ƙafa. Na yi gadi a masaƙa a can, na yi a kamfanin jima a Challawa, na ƙare a Sharada, kullum dai tsaron gida. Dogo ma a nan ya ƙare, yana tuƙa motar wani kamfani a Dakata. Sai da ɗiyarsa ta fara tafiya sannan ya fara ganinta, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Duk Kirsimeti ina gidansa, duk Sallah yana gidana, har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu masaƙun sun yi shiru, yawancinsu sun zama sito, ga shi filin ma zai bi su. Na tsaya jiya ina kallon masu ginin, ba mai jefawa ba mai cafewa, kowa da bulo a ka yana hawa tsani. Yatsan nan har yau a karkace yake, in damina ta yi yakan yi mini ciwo, ni kuwa ina jin daɗin ciwon.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa a duniya. Ta goyi 'ya'yana, ta ga na gina mata ɗaki da hannuna, da tubali. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake kama sunana ba ko sau ɗaya. In yaron nan ɗan Filato ya sake tambayata ko na taɓa cin kofi, to kofina ke nan.